Ƙoƙon Kan Dokin Kakan Baltabai

A ƙauyenmu na bakin kogin Irtish, in aka ce wane ya iya shara ta, tambaya ɗaya ake yi: ya kai Baltabai? Mutum ne gajere mai tumbi, gashin bakinsa ya fi ƙarfin fuskarsa, muryarsa kuma ta fi ƙarfin su duka. Shi ne ya taɓa kashe kyarkeci da takalmin wanka. Shi ne ya tuƙo babbar mota tun daga kudu da taya uku, ta huɗun yana riƙe da ita ta taga. Ba mugu ba ne, wannan kam na shaide shi. In ka shiga gidansa sai ka ci ka yi nak, sai dai kunnenka ne zai ji jiki.

'Yarsa ɗaya tal, Shinar, likitar dabbobi ce a birni, kuma ita kaɗai ce abin da yake yabo ba tare da ya ƙara gishiri ba. Ta sami saurayi mai suna Sanjar, ɗan mutanen kudu, suna son juna, aka sa ranar da manyansa za su zo neman aure idan ciyawa ta tsiro. Tun daga nan barci ya ƙaurace wa Baltabai. Ya ji labarin cewa mutanen nan masu asali ne, dawakinsu ke cinye tsere a yankinsu, shi kuwa abin da ya mallaka 'yan tumaki ne da wata goɗiya mai taurin kai. Tsoronsa ɗaya, kada su shigo gidansa su ƙare masa kallo, su koma suna ganin alfarma suka yi wa 'yarsa.

Ana cikin haka ƙanƙara ta narke, kogi ya kawo ruwa, gaɓa ta zabtare a ƙasan makiyaya. Baltabai ya je neman wata tunkiya da ta ɓace, sai ya ga wani abu ya leƙo daga cikin yumɓu. Ya tona da hannu, ya tona da sanda. Ƙoƙon kai ne, amma irin wanda babu mai rai da ya taɓa ganin dabbar da ta ɗauke shi a wuya: dogo kamar kwalekwalen yara, haƙoransa kowanne ya yi dunƙulen hannu, ga wani ƙullutu a goshi kamar an kifa tukunya. Ya manta da tunkiya. Ya zauna cikin taɓo yana shafa gashin baki, kafin rana ta karkata ya gama shirya labarinsa tsaf.

A haka Ondasin ya same shi. Ondasin maƙwabcinsa ne kuma sa'ansa, shekara ɗaya aka haife su, don haka yana da izinin ya gaya masa duk abin da ya ga dama ba a yi fushi ba. Balteke yake kiransa.

"Balteke, mene ne wannan ka rungume kamar ka ga ɗan'uwanka?"

"Sauko daga kan dokinka, Ondasin. Kana gaban dokin kakana."

"Doki? Wannan ai ko ta ƙofar gidanka ba zai shige ba."

"Dawakin da ke nan. Ba irin awakin da kuke ɗaura wa sirdi yanzu ba."

"To wannan ƙullutun na goshi fa? Ciwon kai ya kashe shi?"

"Ƙofar ganuwar maƙiya yake tunkuya da shi. Yau tunkuri gobe tunkuri, ai dole goshi ya yi kanta."

Ondasin ya gyara zama a kan sirdi, ya ga yau akwai abin kallo. "Wane kakan naka?"

A nan gizo ke saƙa. A wurinmu yaro tun bai iya ɗaura wando ba ake koya masa sunayen kakanninsa bakwai, don kada ya girma ya auri jininsa. In ba a wuce kaka bakwai ba, babu aure. Saboda haka kowa ya san kakannin kowa, kuma na Baltabai babu wanda ya taɓa riƙe abin da ya fi wuƙar yanka nama. Amma ya tuna wani gunki da ya taɓa gani a mararrabar hanya lokacin da yake bin babbar mota zuwa kudu, wani ƙato a kan doki da mashi, an rubuta sunansa a ƙasa.

"Jarumi Shombal," ya ce. "Kakana na biyar."

"Na biyar? Ina ka kai Tazbai mai jaki, mai tallan gishiri?"

"Shi ne dai. Sunan ɓuya ne. Maƙiya ke nemansa, sai ya binne dokinsa a nan, ya sayi jaki."

"Ya kuma rage tsawo ya zama ɗan tsurut kamar kai."

"Baƙin ciki na rage mutum, Ondasin. Ara mini taraktarka."

Ondasin ya ba da tarakta, amma Baltabai ya ce babu wanda zai ja dokin kakansa sai shi. Aka ɗaura igiya, rabin ƙauye ya taru a kan gaɓa. Ya hau, ya yi wa jama'a jawabi kan yadda ake tuƙi, ya ja wani ƙarfe, tarakta ta yi baya maimakon gaba, ta gangara a hankali kamar saniya mai neman ruwa, ta zauna cikin kogi har kujera. Baltabai ya miƙe tsaye a kanta, ruwa har gwiwa, yana daka wa mutane tsawa su daina dariya a gaban mamaci. Sai da aka haɗa dawakin unguwa biyu kafin a fito da ita, tana tsiyayar da laka ta kowace kafa. Ondasin bai yi dariya ba ranar. Ya dai ce, "Balteke, zan rama. Ban san yaushe ba, amma zan rama."

Ƙoƙon kan kuwa, da hannu aka ciro shi daga ƙarshe. Aka ce sai an sami abin da za a ja shi a kai don kada ya fashe. Baltabai ya ruga gida ya dawo da wata shimfiɗar gashin tumaki mai ado ja da fari. Ita ce matarsa Kulyash ta kwashe dukan lokacin sanyi tana ɗinkawa don kayan ɗakin Shinar. Da aka iso ƙofar gida ana jan abin a kanta, ta yi baƙi ƙirin, gefe ɗaya ya yage, Kulyash ta fito da ludayi a hannu ta tsaya.

"Baban Shinar, mene ne a kan shimfiɗata?"

"Darajar gidan nan ce, Kulyash."

"Darajar gidan nan tana warin kifi."

"Ke ba ki san tarihi ba. In surukai suka ga wannan, da kansu za su ce mu ƙara sadaki."

"In surukai suka ga wannan, za su tambaya ko haukan a jini yake. Ka fitar mini da shi, ko in dafa ka tare da shi!"

Bai fitar ba. Ya wanke shi da sabulun wanki, ya shafe shi da farar ƙasa har ya zama fes, haƙori biyu da suka zube ya maƙala su da siminti, ɗaya a juye. Sannan ya koma gaɓa da shebur, domin ya ce doki ba ya tafiya da kai kaɗai. Ya dawo da wani ƙashin cinya da ya kai masa ƙirji, ya ce ƙafar baya ce. Ya dawo da wani lanƙwasasshen haure, ya ce bakan jarumi ne. Ya dawo da guntun ƙaho mai rassa kamar busasshen itace, ya yi ta juya shi, can ya ce a nan ake rataye sulke. Kullum da yamma tsofaffi ke taruwa a tsakar gidansa, Kulyash na zuba shayi da madara tana tsaki, shi kuma yana ƙara wa Shombal yaƙe-yaƙe. Tsofaffin sun san ƙarya ce, amma shayin na da kyau, suna ta gyaɗa kai.

Ana gobe baƙi za su iso, Shinar ta sauka daga motar haya. Ta gaida uwarta, ta juya, ta ga abin da ke jingine da rumbu, jakarta ta suɓuce daga hannu. Ta durƙusa ta leƙa haƙoran, ta shafa ƙullutun, idonta ya yi haske.

"Baba! A ina ka samo wannan? Na ga irinsa a gidan tarihi. Karkanda ce ta zamanin ƙanƙara, mai gashi, girmanta ya kusa na giwa. Nan wurin ƙullutun ne ƙahonta yake zama, guda ɗaya, a tsakiyar goshi. Ta mutu tun kafin ɗan Adam ya san linzami. Wa ya shafa mata farar ƙasa?"

"Doki ne."

"Wannan cinyar da hauren na giwa mai gashi ne. Wancan ƙahon na wata ƙatuwar barewa ne. Baba, dabbobi uku ka tara ka yi doki ɗaya."

"Duba haƙoran da kyau, likita."

"Sun yi kama da na doki ne don ita ma ciyawa take ci."

"Madalla. Tana cin ciyawa. Ƙafa nawa?"

"Huɗu."

"Tana gudu?"

"An ce tana gudu, amma..."

"Mai cin ciyawa, mai ƙafa huɗu, mai gudu. In ba doki ba, mene ne, agwagwa? Na sayar da tumaki na sa ki makaranta don ki dawo ki ce mini kakanki karkanda ya hau? Zauna in ba ki labarin jarumin..."

"Ba na son labarin kowa, Baba." Ta kama hannunsa da hannu biyu, muryarta ta sauka. "Kakan Sanjar ne zai jagorance su, Mirzatai-ata. Dattijo ne mai riƙon al'ada, ba ya wasa. Don Allah gobe kada ka ce komai kan ƙasusuwan nan. Gobe kaɗai."

Da ta tsaya ta ji sunan jarumin, da an huta. Baltabai ya dube ta, ya ga da gaske tsoro take ji, zuciyarsa ta karye. Ya dafa ƙirji ya ce ba zai ce uffan ba, sai fa in an tambaye shi. Tana shiga ɗaki ya fara tunanin inda zai ajiye abin yadda dole a tambaye shi.

Al'adarmu ce ba a barin kan dokin kirki a ƙasa karnuka su yi wasa da shi, sai a ɗora shi a wuri mai tsawo. Wuri mafi tsawo a gidan Baltabai shi ne rufin ɗakin girki. Da sassafe ya ɗaure ƙoƙon kan da igiya, ya jefa igiyar ta bisa rufin, ya ɗaura ɗaya bakin a jikin goɗiyarsa, ya jingina katako biyu don abin ya hau a hankali. Ya ce wa goɗiya, "Taka ɗaya-ɗaya, 'yar albarka." Goɗiya ta ƙi motsi. Ya lallashe ta, ta ƙi. Ya tsula mata bulala. Ta zabura, ta waiga, ta ga wani farin dodo yana leƙowa ta bisa rufi yana bin ta da haƙora, ai sai ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Igiya ta tsinke. Ƙoƙon kai ya tsaya cak a tsakiyar rufi, Baltabai ya ɗaga hannu zai ce kun gani, sai rufin ya yi wata ƙara ya haɗiye shi. Aka ji fantsam. Ya faɗa cikin babban akushin nonon goɗiya mai tsami da aka tanadar wa baƙi, Kulyash ta fito fari fat tun daga ɗankwali har takalmi.

Ondasin ya leƙo ta katanga. "Balteke, dokin kakanka ƙishi yake ji?"

Abin mamaki, banda haƙoran simintin, babu abin da ya karye. Baltabai ya ce wannan ma shaida ce. Maƙwabta suka kawo nono daga gidajensu saboda Shinar, ba don shi ba. Aka kafa babban tantin ulu a tsakar gida, aka yanka rago, shi kuma ya ɗora ƙoƙon kan bisa tarin ciyawa daidai ƙofar tantin, yadda ko makaho sai ya yi tuntuɓe da shi.

Baƙi suka iso da hantsi cikin ƙananan motoci da wata a-kori-kura mai ɗauke da kyaututtuka. Mirzatai-ata dogo ne siriri, farin gemu har ƙirji, maganarsa kamar ana saye da tsada. Ya zo ƙofar tanti, ya ɗan dubi ƙoƙon kan ta wutsiyar ido, ya shige bai ce komai ba. Aka zaunar da shi a wurin girma. Aka sha shayi, bai tambaya ba. Aka kawo masa kan rago, ya yanka ya rarraba, bai tambaya ba. Baltabai ya yi tari. Ya ce a ɗage labulen ƙofa iska ta shigo. Ya ce ai dawakin yanzu duk sun ƙanƙance. Dattijo ya ce, "Haka ne," ya ci gaba da tauna. Gumi ya karyo wa Baltabai, labarin ya cika masa ciki har yana jin kamar zai fashe.

Can aka shigo da farantin da kowa ke jira, hanta da kitsen wutsiyar rago. In manyan ɓangarorin biyu suka ci daga farantin nan, magana ta ƙare, an zama surukai har abada. Sanjar yana can bakin ƙofa kansa a sunkuye. Shinar na bayan labule tare da mata. Dattijo ya yi bisimilla ya miƙa hannu. Saura ƙiris, wallahi saura ƙiris.

"Ata," in ji Baltabai, don haka muke kiran dattijo, "na ga alama tun ɗazu kuna son ku tambaye ni abin da ke waje, kunya ce ta hana ku."

Kulyash ta rufe ido. Baltabai ya miƙe tsaye, ya fara. Ya fasa ganuwa uku, ya tsallake Irtish da tsalle ɗaya, ya sa dokin ya cinye ciyawar kwari guda a kalaci, bai bar labarin tudun goshi da bakan da maratayin sulke ba. Sannan ya buga ƙirji. "Don ku san gidan da kuka shigo. Dokin kakana ne na biyar, Jarumi Shombal!"

Hannun dattijo ya tsaya a bisa faranti.

"Wane Shombal?"

"Ai guda ɗaya ne, Ata. Wanda gunkinsa ke tsaye a mararrabar hanyar kudu, da mashi."

"Ni na tara dangi muka kafa gunkin nan," in ji Mirzatai-ata a hankali. "Shombal kakana ne na huɗu."

Nan take aka gane inda maganar ta dosa. Mutum ɗaya ne bai gane ba. Baltabai ya tsallake tabarmar abinci, ya rungume dattijo har hularsa ta karkace. "Allahu akbar! Ashe jini ɗaya muke! Ondasin, ka ji? Kulyash, kin ji? Wa ya ce ƙarya nake?"

Dattijo ya zame jikinsa, ya gyara hula, ya sa yatsa biyu ya ture farantin gefe. "Na yi murna da ganin ɗan'uwa. Amma yaran nan ba su fita kaka bakwai ba. Wa da ƙanwa ne. Sanjar, je ka ce a tayar da motoci."

Aka ji wani abu ya faɗi a bayan labule, sai kuka ƙasa-ƙasa. Baltabai ya san muryar. Hannayensa na buɗe har yanzu, kamar wanda aka ƙwace wa kaya. Ya sha gaban dattijo.

"Ata, tsaya. Ai... ai ba na biyar ba ne sosai. Ya fi kama da na tara."

"Mutum ba ya ɓata lissafin kakanninsa."

"Ko wani Shombal ɗin ne daban. Wani ɗan gajere."

"Kai ka ce guda ɗaya ne."

Baltabai ya juya ga mutanen ƙauye, ya faɗi abin da bai taɓa zaton zai fito daga bakinsa ba. "Jama'a, ku gaya masa. Ku gaya masa ni maƙaryaci ne."

Ondasin ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Ranar da yake jira ta zo. Ya yi kicin-kicin da fuska. "Balteke? Maƙaryaci? Ata, tare muka tashi da mutumin nan, ban taɓa jin ya yi ƙarya ba."

"Ondasin!"

"Ko kyarkecin nan da ya kashe da takalmi, ni na ga takalmin."

"Ban kashe komai ba! Karen Ondasin ne ma ya bi ni, na jefe shi na gudu!"

Wani tsoho ya ce, "Motar nan mai taya uku fa?"

"Huɗu ne! Huɗu cif, kuma ba ni ke tuƙi ba, ni ke loda kaya!"

"Tawali'u ne kawai," in ji Ondasin ga dattijo. "Haka jinin jarumai yake."

Baltabai ya zagaya tanti yana kama hannun mutane ɗaya bayan ɗaya, yana tuna musu duk ƙaryar da ya taɓa yi musu, yana roƙo a tabbatar. Kowa ya girgiza kai yana cije leɓe. Mutumin da ya yi shekaru yana rantsuwa a yarda da shi, yau ga shi yana rantsuwa kada a yarda. Da ya iso kan Kulyash ya durƙusa gabanta. "Ke kam ki faɗi gaskiya. Ranar da na zo neman aurenki, me na ce miki?"

"Ka ce kana da raƙuma."

"Ina da su?"

"Har yau ina jira." Ta juya ga dattijo, idonta ya kawo ruwa. "Ata, mijina in ya ce maka gari ya waye, fita ka duba. Kada ka raba yaran nan kan maganarsa."

Ondasin ya dubi labule, inda kukan bai tsaya ba, dariyar ta gudu daga fuskarsa. Ya yi gyaran murya. "Ya isa haka. Ata, gaskiya ta faɗa. Kaf yankin nan babu na biyunsa. Balteke, karanto masa na gaskiyan."

Baltabai ya tsaya a tsakiyar tanti, ya sunkuyar da kai kamar yaro gaban malami, ya fara jero su. Ubansa makiyayin tumakin gwamnati. Kakansa mai gyaran rijiya, wanda ya faɗa cikin wadda ya gyara. Na uku ya rasa garkensa duka a sanyi ɗaya don ya tafi biki. Na huɗu ba a tuna shi da komai sai yawan ci. Ya zo na biyar, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗaga murya," in ji Ondasin, ba da mugunta ba.

"Tazbai. Mai tallan gishiri. Jaki gare shi."

"Ya taɓa hawa doki?" in ji dattijo.

"Sau ɗaya. Ya kayar da shi."

Ya ƙarasa sauran biyun, waɗanda ba su fi haka ba. Mirzatai-ata ya saurara da ido a lumshe yana motsa yatsu, ya gwada da nasa, bai sami inda suka haɗu ba. Ya buɗe ido, ya jawo farantin gabansa. Tanti gaba ɗaya ya saki numfashi.

"To, magana ta fito," in ji shi. "Ba jininmu ba ne. Saura maganar doki." Ya shafa gemu, idanunsa na kan ƙofa, kuma sai a lokacin muka lura yadda suke ƙyalli. "Tun da na sauka daga mota na gane shi. Kakanmu Shombal ya yi yaƙi a bakin kogin nan, a nan dokinsa ya faɗi. An ce goshinsa na da tudu, saboda tunkurin ƙofofin ganuwa."

Baltabai ya ɗago kai da sauri. "Ata, wannan ai ni na ƙirƙi..."

"Tun muna yara ake gaya mana," in ji dattijo, ko gezau. Mutanensa suka gyaɗa kai gaba ɗaya. "Allah ya saka maka da ka tono mana shi. Za mu tafi da shi gida, da ƙafar, da bakan, da maratayin sulken. Za a gina masa ɗaki kusa da gunki."

Baltabai ya dubi ramin da ke rufin ɗakin girki ta ƙofar tanti. Taraktar mutane, shimfiɗar 'yarsa, mutuncinsa da ya zubar yanzun nan da hannunsa, duk a kan abin nan, ga shi wani zai ɗauke har da labarin. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Karkanda ce!" ya yi ihu. "Karkanda ce mai gashi ta zamanin ƙanƙara! Cinyar ta giwa ce! Ku tambayi likita!"

Tanti ya fashe da dariya, baƙi da 'yan gari. Wani baƙo har da faɗuwa kan matashi yana cewa, "Karkanda! A cikin wannan sanyin! Giwa da gashi! Wallahi an gaya mana ya iya shara ta, amma ji da kunne ya fi." Dattijo ma sai da gemunsa ya motsa. Baltabai ya waiga wajen labule neman agaji. Shinar ta leƙo da jajayen idanu, ta dube shi, ta ɗora yatsa a kan leɓenta.

Mirzatai-ata ya ɗebi hanta da kitse ya ci, ya sake ɗiba, ya miƙa hannu har bakin Baltabai.

"Buɗe baki, suruki. Dokin wa ye?"

Baltabai ya dubi loma, ya dubi 'yarsa. Gashin bakinsa ya yi rawa.

"Na kakanku ne, Ata," ya ce, ya buɗe baki.

Da yamma shi ya kama ɓangaren goshi, mafi nauyi, aka ɗora abin a bayan a-kori-kura. Har ya kawo tsummoki ya cusa ta gefe don kada ya girgiza a hanya, yana ta gunaguni cewa mutanen kudu ba su iya ɗaurin kaya ba.